Amanar Mai Awo

Duk wanda ya fita bayan gari a Gwarzo ko Kabo da daren hunturu, in hazo ya lafa, zai ga Kaza da 'Ya'yanta a sama. In ya bi da ido daga nan zuwa wasu taurari uku da suka jeru a layi guda, ya zarce a kan layin zuwa kudu maso gabas, zai iske wani tauraro fari fat mai ƙyalli. In aka cire irin su Zara, waɗanda duniyoyi ne masu aron hasken rana, babu tauraron da ya kai shi haske da dare. Larabawa na kiransa Shi'ira, sunan da ya zo a Suratun Najmi, Turawa kuma suna ce masa Sirius.

Ido yana ganinsa shi kaɗai, alhali su biyu ne. A 1844 wani masanin taurari Bajamushe, Friedrich Bessel, ya lura cewa tafiyar Shi'ira a sama tana tangaɗi, kamar mutumin da wani ke ja ta gefe. Ya rubuta cewa lallai yana da abokin tafiya da ba a gani. Bessel ya rasu a 1846 bai sa shi a ido ba. Sai a 1862 wani maƙerin madubin hangen nesa a Amurka, Alvan Graham Clark, yana gwada sabon gilashi mai faɗin inci 18 da rabi, ya hango ɗan ƙaramin tauraron a gefen babban. Shekara 50 suke yi kafin su kammala kewaya juna sau ɗaya.

Irin waɗannan su ake kira taurari tagwaye, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen auna su. Rayuwar ɗaya daga cikinsu ce ta sa mu wannan tambaya: mene ne ya wajabta wa mutum gaskiya a aikin da ba zai ga ƙarshensa ba, wanda kuma babu mai rai da zai kama shi in ya yi ha'inci?

An haifi Sherburne Wesley Burnham a 1838 a garin Thetford da ke jihar Vermont ta Amurka. Bai yi jami'a ba. Sana'arsa rubutun gaggawa ne, irin wanda ake ɗaukar magana da alamomi daidai da saurin bakin mai faɗi. Lokacin yaƙin basasar Amurka yana birnin New Orleans yana yi wa rundunar gwamnati wannan aiki, a can ne wani littafin taurari ya faɗo hannunsa. Bayan yaƙi ya koma Shikago ya zama mai ɗaukar maganar kotu, ya yi fiye da shekara 20 a kai. Da rana yana zaune a gaban alƙali yana rubuta abin da shaidu suka faɗa. Da dare yana bayan gidansa da madubin hangen nesa mai faɗin inci 6, wanda gidan su Clark suka ƙera masa a 1870 da kuɗin aljihunsa.

A lokacin, masana da yawa na ganin an gama da wannan fage. William Herschel ya yi nasa a Ingila, Wilhelm Struve kuma ya fitar da jerin tagwaye sama da 3,000 a 1827 daga garin Dorpat, wanda yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya. Me ya rage wa magatakardan kotu da ɗan madubinsa? Tsakanin 1872 da 1877 Burnham ya gano sababbin tagwaye 451 da wannan ɗan madubin. Daga baya ya sami damar aiki da wancan gilashin da aka fara ganin abokin Shi'ira da shi, domin Shikago aka kai shi. Daga 1888 zuwa 1892 ya yi aiki a cibiyar duban taurari ta Lick a Kalifoniya, sannan ya dawo aikin kotu. Da aka buɗe cibiyar Yerkes a 1897, mai madubi inci 40, sai ya riƙa hawa jirgin ƙasa a ƙarshen mako ya je ya kwana yana awo, ya dawo bakin aikinsa. Ƙungiyar masana taurari ta Ingila ta ba shi lambar zinariya a 1894. A 1906 ya fitar da babban kundinsa mai ɗauke da tagwaye 13,665, ya tattara awon da aka yi musu, nasa da na magabata, kowanne da sunan mai shi da shekararsa. Ya rasu a 1921.

Ya kamata mu san yadda awon yake, domin a nan maganar take. A cikin madubin akwai wata 'yar na'ura mai zare biyu sirara, kuma a lokacin da zaren gizo-gizo ake yin su saboda sirantakarsa. Mai awo zai ɗora zare ɗaya a kan babban tauraro, ya murɗa ɗayan har ya hau kan ƙaramin. Abu uku zai rubuta: tazarar da ke tsakaninsu, ɓangaren da ƙaramin yake in an kwatanta da arewa, da kwanan wata. Tazarar kan yi ƙanƙanta ƙwarai, wani lokaci kamar faɗin ƙwandala in an hango ta daga nisan kilomita 5, wani lokaci ma ƙasa da haka. Zai maimaita a dare biyu ko uku, ya fitar da matsakaici, ya rufe littafi. Shi ke nan aikin.

Awo ɗaya ba ya faɗin komai. In ka hango mutum biyu daga nesa a kan hanyar Gwarzo zuwa Kano, ɗaya a gefen ɗaya, ba za ka san ko tare suke ba sai ka jira ka ga inda kowa ya nufa. Haka taurari. Wasu kusancinsu na ido ne kawai, ɗaya yana can bayan ɗaya da nisan da ba ya misaltuwa. Wasu kuwa suna riƙe da juna, suna kewaya juna. Herschel ya jira kusan shekara 25 kafin ya bayyana a 1803 cewa wasu tagwayen da gaske kewaya juna suke, kuma ya dogara har da awon waɗanda suka riga shi. Tauraron da ake kira Alfa Sentauri, wanda ake iya gani ƙasa-ƙasa ta kudu daga Kabo a daren Mayu da Yuni, tagwayensa shekara 80 suke yi. Na Castor, wanda Herschel ya kafa hujja da shi, suna buƙatar sama da shekara 400. Tun da aka fara auna su a farkon ƙarni na 18 har yau ba su kammala zagaye ɗaya ba.

Ke nan Burnham ya san cewa mafi yawan lambobin da yake rubutawa ba za su yi magana ba sai bayan ya zama ƙasa. Mu a ganinmu aikinsa na rana da na dare iri ɗaya ne. Mai ɗaukar maganar kotu ba ya yanke hukunci, ba ya gyara wa shaida zance don ya yi daɗin ji, ba ya ƙara abin da yake zaton shaidar ta so ta faɗa. Yana rubutawa ne saboda wani alƙali na gaba da zai buɗe fayil ɗin ranar da mai shari'ar ya ɗaukaka ƙara. Bambancin kawai shi ne alƙalin da zai karanta littafinsa na dare ba a haife shi ba tukuna.

Wani zai ce, to mene ne amfanin wannan ga mai neman abin sa wa a tukunya? Tambaya ce mai nauyi, ba za mu raina ta ba. Auna taurari bai taɓa cika rumbun kowa ba. Abin da ya haifar shi ne sani: ta kewayen tagwaye ne aka tabbatar cewa ƙarfin da ke riƙe duniya a kewayen rana, wanda Newton ya yi bayani, shi ne ke aiki a can nesa, kuma ta nan ne aka iya auna nauyin taurari kai tsaye. Da awon mutane da yawa na shekaru masu yawa aka gane cewa ɗan abokin Shi'ira ya kusa rana nauyi, alhali girmansa bai wuce na duniyarmu ba. Amma ko mutum bai damu da nauyin tauraro ba, halin da ya samar da wannan sani shi ne halin da ake buƙata wajen rubuta yawan ruwan sama, da ranar haihuwa, da iyakar gona. Waɗannan kuwa suna taɓa tukunya.

Wani kuma zai ce yanzu na'ura ta ɗauke wannan wahala. Gaskiya ne cewa kumbon Gaia da ƙasashen Turai suka harba a 2013 ya auna matsayin taurari sama da biliyan ɗaya, da daidaiton da idon Burnham ba zai kusanta ba. Sai dai Gaia ba zai iya auna inda tauraro yake a 1875 ba. Wannan daren ya wuce. Wanda ya tsaya a cikin sanyi ya rubuta shi ne kaɗai shaidarsa. Shi ya sa kundin Burnham bai mutu ba: Robert Aitken ya gaje shi ya fitar da na tagwaye 17,180 a 1932, kuma yau cibiyar duban taurari ta sojan ruwan Amurka a Washinton tana riƙe da kundin da ya haura tagwaye 100,000, da tsofaffin awon a ciki ana aiki da su.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan bambanci a aikinmu. Manhaja in ta lalace sai a sake rubuta ta, sau da yawa ma ta biyun ta fi ta farko kyau. Wadda aka rubuta bana, nan da 'yan shekaru an yar da ita. Bayanan da aka zuba a ciki ne ba su da madadi. In ba a rubuta abin da ya faru jiya ba, ko aka rubuta abin da bai faru ba, babu gwanin da zai dawo da shi. Duk wanda ya taɓa buɗe rumbun bayanan jama'a a ƙasar nan ya san yadda ranar 1 ga Janairu ke cika da haihuwa, kamar a ranar ce kaɗai ungozoma ke aiki. Ba a ranar aka haife su ba. An tambayi mutum bai sani ba, gurbi kuma ya ƙi zama babu komai, sai aka cusa masa rana. Manhajar da ba ta yarda a ce "ba a sani ba" tana tilasta wa ma'aikaci ƙirƙira. Haƙƙi ne a kan mai ƙera ta ya bar wa rashin sani wurin zama, domin gurbin da aka bari fili ana iya cika shi gobe in shaida ta samu, wanda aka cika da ƙarya kuwa ya rufu har abada, kuma kamarsa ɗaya da gaskiya.

Akwai ƙorafi na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi. Ai mai awon ma yana kuskure. Idonsa na gajiya, iska na girgiza hoton tauraro, hannu na rawa. In duk lambobin da ɗan kuskure a ciki, me ya raba su da na wanda ya zauna a ɗaki ya ƙiyasta?

Wani labari daga Ingila yana da amsa. A 1796 shugaban cibiyar duban taurari ta Greenwich, Nevil Maskelyne, ya sallami mataimakinsa David Kinnebrook. Laifinsa shi ne lokacin da yake rubuta wa giftawar taurari yana makara da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wato sakan guda bai cika ba, in an gwada da na maigidansa. Bayan fiye da shekara 20, Bessel, wancan mai Shi'ira, ya bi maganar. Ya gwada kansa da wasu ƙwararru, ya tarar kowane mai awo yana da nasa ɗan jinkiri ko gaggawa, har da shi kansa. Tun daga nan aka koyi auna bambancin kowane mutum a cire shi daga lissafi. Da Kinnebrook ya riƙa leƙa littafin maigida yana daidaita nasa da shi, da ya tsira da aikinsa, kuma da wannan ƙofa ba ta buɗe ta hanyarsa ba.

Kuskuren mai gaskiya yana da tsari. Yana karkata gefe guda, ko ya watsu dama da hagu, kuma in awo ya taru daga hannaye da yawa sai kurakuran su cinye juna, ko a gane karkatar a gyara. Shi ya sa ake rubuta sunan mai awo a gefen kowace lamba. Ƙirƙira ba ta da gyara, domin babu abin da ke ƙarƙashinta da za a koma gare shi. Abin da ake nema ga mai awo bai wuce ƙarfin ɗan Adam ba: ya rubuta abin da ya gani, ya sa sunansa da rana, in bai gani ba ya bar wurin.

Wannan hali ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk shekara ana fita duban watan azumi da na salla, wanda ya gani ya kai shaida ga dagaci ko hakimi, a bi da ita har fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Kowa ya san nauyin cewa "na gani" a wannan wuri, domin azumin miliyoyin mutane na rataye a kanta. Mun kuma san abin da ake faɗa game da mai tauye mudu. To amma shaidar wata ana gane gaskiyarta cikin kwanaki, mai tauye kwano kuma wanda ya zalunta yana tsaye a gabansa. Inda muke sakaci shi ne inda wanda za a zalunta bai zo duniya ba. Malamin da ya cike rajistar makaranta ta mako guda a zama ɗaya ba ya ganin ya cuci kowa. Haka ma'aikacin da ya rubuta adadin da ya san shi ake son gani a sama. Wanda aka cuta shi ne wanda zai zo bayan shekara 30 yana son sanin yara nawa ne suka yi karatu a garin, ko wace shekara ce ƙyanda ta fi ɓarna, ya ɗauki lambar da amana ya gina shawara a kanta.

Dubi maganar damina. Dattawa a Getso da Garo za su gaya maka ruwa ya canja, ba ya sauka lokacin da yake sauka a da, kuma suna tuna farin 1973 da na 1984. Shaidarsu abin girmamawa ce, amma tana tafiya tare da su ranar da aka kai su makwanci. Manomin da ke tunanin ko ya koma irin masara mai saurin nuna yana buƙatar sanin ranar da ruwan shuka ya sauka a garinsa shekara bayan shekara, da ranar da ya ɗauke. Haka rigimar iyakar gona: muddin waɗanda suka ga ranar da aka dasa gamba a kan iyaka suna raye, magana ba ta nisa. Da zarar sun kau, 'yan'uwa na jini sai su ƙare a gaban alƙali, kowa da abin da ya ji.

Ko tarihin malamanmu haka yake. Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan lissafi da ilmin taurari irin na zamaninsa, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti. Ɗan maigidan, Abdurrahman al-Jabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar baƙon, shi ya sa labarinsa a littafin tarihin Masar. Wani a wancan gida ya adana, wani ya rubuta, shi ya sa yau muke iya kiran sunansa da shekararsa.

Saboda haka amsarmu ga tambayar farko ita ce, wanda bai zo ba yana da haƙƙi a kanmu, kuma haƙƙinsa ya fi na mai rai saurin tozarta, tunda ba shi da bakin ƙorafi. Mun yarda da wannan a wajen itace. Wanda ya dasa tsamiya ko ɗorawa ya san jikoki ne za su fi shi morar ta, kuma ba mai ce masa ya yi wauta. Lambar gaskiya da aka rubuta da kwanan wata ita ma dashe ce. Ta fi itace wuyar sha'ani ta fuska ɗaya: itacen da bai kama ba kowa zai gani, lambar ƙarya kuwa tana nan tsaye a shafi, ba ta bushewa.

Abin da wannan ke nema daga gare mu kaɗan ne. Gwangwani mai miƙaƙƙen baki a tsakar filin makarantar firamare, da rula, da littafi mai bango mai ƙarfi, sun isa a fara rubuta ruwan sama na gari guda. Ɗalibi zai iya rubuta farashin kwanon masara da na dawa duk ranar kasuwa. Uba zai iya rubuta ranar haihuwar ɗansa a ranar da aka haife shi. Masu sayar da gona da masu raba gado za su iya auna iyaka su rubuta, shaidu su sa hannu. Sharuɗɗan su ne na Burnham: abin da aka gani, sunan wanda ya gani, da rana. Ranar da ba a duba ba a ja layi a bar ta.

Shekara ɗaya ta irin wannan littafi ba za ta gaya wa kowa komai ba, shekara biyar ma da kyar. Wanda ya fara shi zai iya yin ritaya bai ga an buɗe shi ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Ranar da littafin ya kai shekara 40, wata malamar gona da yanzu ba a yi auren iyayenta ba za ta zauna da shi, ta ga abin da babu ɗayanmu da zai iya gani, kuma ba ta da hanyar bincika ko wanda ya rubuta shafin farko ya fita ya duba gwangwanin da gaske. Dole ta yarda da shi.